A Gina Akurki Kafin a Sayo Kaza

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, farashin ƙwai da nama ya yi tashin gwauron zabi, gidaje da yawa a nan Keffi suka koma kiwon kaji a bayan gida. Ma'aikacin da ke sammakon tafiya Abuja, uwargida a Tudun Ƙofa, har ɗalibin Jami'ar Jihar Nasarawa da ke haya a Angwan Lambu, kowa so yake ya ga 'yan kajinsa suna tono a tsakar gida. Ni ma ina kiwon, kuma duk wanda ya nemi shawarata ina ƙarfafa masa gwiwa. Abin da ke damuna shi ne yadda ake fara abin ta baibai. Mutum zai zuba duk kuɗinsa a kan kaji, ya kawo su gida a kwali, sannan ya fara tunanin inda za su kwana.

Wata maƙwabciyata ta tare ni a ƙofar gida da damuwa a fuskarta. Ta ce, "Baba Malam, kazata ta ƙyanƙyashe lafiya lau, ga shi ko sati biyu ba a yi ba saura 'yan tsaki uku. Anya ba hannu aka sa mini ba?" Na ce, "'Yata, mu je in ga makwancinsu tukuna." Abin da na tarar tsohon buhu ne aka shimfiɗa a bayan madafa, an jingina ɓallen kwano a kai. A gindin katanga kuwa ga ramin gafiya, ƙasar bakinsa sabuwa fil, har da sawun jela. Babu hannun kowa a ciki. Kaza ta yi kwanci kwana 21 tana ramewa, mai ita kuma ta ajiye wa gafiya abincin dare.

Kowane maci-kaza yana da lokacinsa da alamarsa, kuma mai kiwo ya kamata ya iya karanta su. Shirwa da shaho da rana suke aiki, daga hantsi zuwa la'asar. Za ka ji zakara ya yi wata irin ƙara mai tsawo, uwa ta baje fiffike ta ruga, kafin ka fito an yi sama da ɗan tsako, ko gashi ba a bari ba. Shirwa ta fi yawa a wajenmu da rani, lokacin da ciyawa ta bushe aka ƙone daji, fili ya zama fetal babu maɓoya. Hankaka ma yana ɗauka, ya kuma fasa ƙwai idan ya samu sarari. Muzuru na dare ne, shi yakan bar maka tarin gashi da ragowar nama a bayan katanga. Ɓera da gafiya sukan zare ɗan tsako daga ƙarƙashin uwarsa tana barci, da safe ka tsinci gawar an ƙwaƙule ta. Idan ƙwai na ɓacewa ɗaya bayan ɗaya ba ka ga ɓawo ba, ka nemi maciji, ko guza idan gidanka na kusa da Kogin Antau ko wani kwari. Da damina ga kwarkwasa, wadda kan mamaye akurki cikin dare ɗaya. Wanda kuma ya ɗauke maka zakara mafi girma ana jajibirin Salla, ya mayar da ƙofa ya rufe, wannan mai ƙafa biyu ne.

Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa. Babbar kazar Hausa takan iya da kanta, tana da gudu, tana hawa bishiya ta kwana. Asarar kusan duk tana cikin sati shida na farkon rayuwar ɗan tsako, to a nan ya kamata kuɗi da hankali su tafi. Babban kwando da za a kife a kan uwa da 'ya'yanta a inuwa, a riƙa matsar da shi zuwa wuri mai tsabta, ana zuba musu tsaki da dusa da gara da ruwa a faffaɗan murfi marar zurfi, ya raba su da shirwa baki ɗaya. Na san ana shafa wa 'yan tsaki shuni ko jan launi don a rikita shaho, wasu kuma na rantsuwa da amfaninsa. Ban hana ba. Sai dai muzuru da gafiya da dare suke zuwa, launi bai dame su ba.

Akurkin dare ba sai na masu kuɗi ba. A ɗaga shi daga ƙasa kamar tsayin gwiwa, a kan ƙafafu huɗu. A sa wayar raga mai ƙananan ƙofofi, wadda ɗan yatsa ba ya shiga sosai, domin mai manyan idanun nan da kafintoci suka fi sawa saboda arha, ɓera da ƙaramin maciji wucewa suke yi abinsu. Idan ginin ƙasa ne, a binne gindin wayar ko a yi daɓen siminti, saboda masu tono. Kowace ƙafa a tsoma ta cikin gwangwani mai baƙin mai, kwarkwasa ba za ta hau ba. Rufin kwano kaɗai a zafin watan Maris na Keffi azaba ne, a ɗora masa ciyawa ko zana. Sai ƙofa mai sakata da kwaɗo, da mutum ɗaya a gida wanda aikinsa ne ya rufe ta da magariba ya kuma ƙirga kajin. A kwashe ragowar abinci kafin dare, don shi ne ke gayyato ɓera, maciji kuma ɓera yake biyowa.

Wanda kuɗinsa na kaji goma ne, ya sayi huɗu, sauran ya kai wa kafinta. Ina kuma ganin sabon shiga ya fara da kajin gida, sagara uku da zakara ɗaya. Noiler da Shika Brown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta samar, kaji ne masu kyau, sun fi nama da ƙwai. Amma ɗan tsakon kwana ɗaya da aka sayo a kwali ba shi da uwar da za ta ɗumama shi ko ta yi masa gargaɗi idan inuwa ta gifta a sama, kai ne uwarsa dare da rana. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga an tara mata ana raba musu 'yan tsaki da sunan tallafi, a ɗauki hoto a watse, ba waya, ba rigakafi. Rabin kuɗin da aka kashe da an saya musu raga da katako, da abin ya ɗore.

Ba zan tsallake ciwo ba, ko da yake ba shi ne zancena ba. Cutar Newcastle, wadda kan share kajin unguwa da hunturu, ta fi kowane muzuru ɓarna. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin rigakafinta, har da irin wanda ake ɗigawa a ido. A tambayi likitan dabbobi, a kuma ware duk kazar da aka sayo daga kasuwa na sati biyu kafin ta shiga cikin sauran.

Abin da nake roƙo a daina shi ne sa guba. Mutum ya ji zafin asara, sai ya barbaɗa maganin ɓera ko na feshin gona a jikin mataccen tsako ya jefa bayan gida. Wa zai ci? Kyanwar maƙwabci mai kama ɓeraye, karen wani, wani lokacin kajinka da kanka. Ga yara ƙanana da ke wasa a lungu. Ungulu ma, da muka taso muna gani a kowace mahauta, ta yi ƙaranci har an sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a 2015, kuma guba na cikin abubuwan da suka jawo haka. Ka kashe muzuru ɗaya, wani zai maye gurbinsa muddin maɓoyarsa na nan.

Maɓoyar kuwa mun san ta. Keffi ta cika ta batse saboda kusancinta da Abuja, mutane sun sayi filaye sun kewaye, wasu sun kai gini linta sun tafi shekara da shekaru. Waɗannan kangwaye da ciyawa ta rufe, da bolar da ake tarawa a cikinsu, su ne gidan muzuru da gafiya da kumurci. Maƙwabciyar nan tawa ta toshe ramin gafiyar da siminti, amma kangon da ke manne da katangarta ba nata ba ne, ba ta da ikon shiga. Wannan aikin masu unguwanni ne da ƙaramar hukuma. Mai unguwa ya san mai kowane fili, ko ya san dillalin da ya sayar. A kira mai filin a waya, a ce ya share filinsa farkon damina da ƙarshenta, in ba zai samu zuwa ba ya aiko da kuɗin da za a biya samarin unguwa su yi. Wanda ya ƙi, a kai maganarsa gaban hakimi.