Daga Kan Tabarmar Zubi: Makullin da Inna Ta Bari

Wannan karo da ta'aziyya za mu buɗe. Inna ta riga mu gidan gaskiya, bayan ta haura shekara tamanin, ta ga jikoki har da tattaɓa-kunne. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Inna muke ce mata mu duka: ƴaƴan cikinta, da mu ƴan ƙungiya, da waɗanda a hannunta suka faɗo duniya, wasunsu yau da furfura a ka. Aikin jinya ta yi tun tana da ƙuruciya, a ƙananan gidajen likita na karkara, zamanin da ake dafa allura a sake amfani da ita, ake karɓar haihuwa da fitilar ƙwai. Ta ga yunwar 1984 da ake kira El-Buhari. Lokacin da wahalar 2005 ta zo, shekarar da likitocin MSF suka fara aiki a Magariya, ta riga ta aje aiki, amma zaurenta bai rabu da mata masu goyo ba. Sai ta buɗe idon yaro, ta danna bayan ƙafarsa ta ga ko akwai kumburi, ta ce, "Ke ɗiyata, tashi ki kai shi yanzu, kar ki jira gobe."

Wannan "yanzu" ɗin ita ce ta kawo mana cikin ƙungiya. Kun san tsarin Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE: zubi kowane mako, bashi da ɗan riba, rabo a ƙarshen zango, akwati mai kwaɗo uku, kowane makulli a hannun mace daban. Ban da zubi kuma akwai ɗan asusun taimako na ranar tsautsayi. Inna ce ke riƙe da makulli ɗaya, kuma a kan wannan ƙaramin asusu ba ta da wasa.

Ba za mu manta da wata shekara ba. Biki ya taso a gidan ɗaya daga cikinmu, muka haɗa baki a ɗan ara daga asusun taimako a cika kuɗin anko, in an yi girbi a mayar. Inna ta ƙulle makullinta a bakin zane ta ce a'a. Wallahi ranar mun ji haushinta, har da masu cewa tsufa ne. Ba a daɗe ba, damina ta yi tsakiya, ɗan wata ƴar ƙungiya ya kama masassara cikin dare har da jijjiga, uban yana ci-rani a Najeriya. A daren aka tada masu makulli uku. Da wannan kuɗi aka biya ɗan kabu-kabu zuwa gidan likita, daga can aka wuce da su asibitin Magariya, aka ƙara wa yaron jini. Yau ga shi nan yana zuwa lakwal. Inna ba ta taɓa goranta mana ba.

Abin da take ta nanata mana ke nan. Tun 2006 gwamnati ta ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta ne. To, amma kyautar ba ta haɗa da man babur ba, ba ta haɗa da abincin mai jinya ba, balle na yaran da aka baro gida. Mace a ƙauyukan Malawa ko Dogo-Dogo ko Yekuwa, in hannunta babu ko jaka guda, sai ta ce bari a ga wayewar gari. A cikin wannan jira ake rasa yara da masu naƙuda. Inna ta ga haka da idonta shekara da shekaru, shi ya sa ta tsaya kai da fata.

Yanzu makullinta yana hannun ƴaƴanta, sun ce mu zo mu karɓa. Wa za mu ba? Kada mu duba wadda ta fi kuɗi ko wadda ta fi baki. Mu duba wadda za ta iya ce wa aminiyarta a'a, kuma ta yarda a buga mata ƙofa da tsakar dare.

Kafin ruwa ya sauka, kowace ƙungiya ta ƙirga abin da ke cikin asusun taimakonta a gaban kowa, mai bashi a ciki ta mayar. A san ɗan kabu-kabu ko mai amalanken da za a nema da dare, a yi magana da shi tun yanzu. In masu rabon maganin rigakafin masassara na wata-wata suka zo, mu tuna kwana uku ake sha: na farko a gabansu, sauran biyun mu ne za mu ba yaro a gida. Yaron da ya ƙi nono, ko yake amai da duk abin da ya ci, ko tafin hannunsa ya yi fari, ko ya fara jijjiga, a ɗauki karnensa a kama hanya.

Ranar sadakar bakwai mun kai gudummawa daga aljihunmu, ba mu taɓa asusun taimako ba. Mun san da tana nan, ita ce ta farko da za ta hana.

Allah ya kai haske kabarinta, ya ba ƴaƴa da jikoki haƙuri, mu kuma ya sa mu cika da kyau. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.