Sharhi: Ƙaurar ƙananan halittun teku da makomar kifin da muke ci

Rayuwar teku kacokan ta rataya ne a kan wasu ƙananan halittu da ake kira filankiton, waɗanda galibinsu ido ba ya gani. Masu kama da tsiro a cikinsu ne ke samar da kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya, kuma filankiton ne abincin farko na ƙananan kifaye. Ɗumamar yanayi ta fara sauya musu mazauni.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga Birtaniya, inda tun 1931 jiragen ruwa ke jan wata na'urar tattara filankiton da masani Alister Hardy ya ƙirƙira. Bayanan da aka tara sun nuna cewa, cikin kimanin shekaru 40, nau'o'in da ke son ruwan ɗumi sun matsa arewa da kusan kilomita 1,000 a arewa maso gabashin Tekun Atlantika, masu son sanyi kuwa suka ja da baya. A tekun da ke tsakanin Birtaniya da Norway, raguwar wani nau'i mai maiƙo ta rage wa 'ya'yan kifin kod abinci.

Abin damuwa ga ƙasashe masu zafi ya fi haka. Idan saman teku ya ɗumama, yakan yi rashin nauyi ya ƙi gauraya da ruwan ƙasa mai sanyi, wanda shi ke ɗauke da sinadaran da filankiton ke rayuwa da su. Sannan idan halittun yankin suka ƙaura, babu wani ruwa mafi zafi da wasu za su taso daga gare shi su maye gurbinsu.

Najeriya na da ruwa da tsaki a lamarin. Tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, kuma tana shigo da daskararren kifi da busasshen kifin Norway masu yawa. Duk inda abincin kifi ya koma, can kifi zai bi, farashi kuma ya biyo baya har kasuwannin Kano da Onica.

Darasin Birtaniya shi ne, sai da awo na shekaru da dama ake gane irin wannan sauyi. Ya kamata Ma'aikatar Harkokin Teku da aka kafa a 2023 ta ware wa cibiyar binciken teku ta tarayya da ke Legas kuɗi na dindindin domin sa ido a ruwanmu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma a nan jinkiri ne muguwar rawar.