Kada Mu Ba Kura Ajiyar Nama

'Yan uwa ɗalibai, musamman na sashen kwamfuta masu neman furojet: duk hutu malamai da ma'aikata na tafiya gida, su rasa wanda za su bar wa kyanwa, kare ko tattabaru. Shafin intanet da zai haɗa su da ɗalibin da zai kula da dabbobin a biya shi, dabara ce mai kyau. A Amurka, kamfanin Rover ya fara haka tun 2011.

Amma fa gina shafin ne mai sauƙin. Wanda aka bar wa dabba, makullin gida aka ba shi. In ya sayar da tattabarun mutane, sunan shafinka ne ya ɓaci.

Don haka hoto da lambar waya ba su isa ba. A karɓi lambar NIN da katin makaranta, a kawo mai tsaya masa, a ga yadda yake riƙe dabba ido da ido. Kuɗin kuma a riƙe, sai mai dabba ya dawo ya tarar da abinsa lafiya.

Wasu za su ce tsaurin zai kori mutane. To, ya kora mana! Gara amintattu goma da ɗari da ba a san asalinsu ba.