Bakan da aka karya a lakwal

A watan jiya wani ɗalibina na aji shida ya zo lakwal da baka. Ba kibiya, ba kwari, baka kaɗai, wanda shi da kakansa suka kwashe wata biyu suna aikinsa. Ni ya kawo wa in gani. Kafin ya iso ƙofar aji wani abokin aikina ya tare shi, ya amshe bakan, ya ɗora a gwiwa ya karya, ya ce nan wurin ilimi ne, ba dajin farauta ba. Na yi magana, aka ce in bar zancen. To, ba zan bari ba.

Malamai ƴan'uwana, kun san abin da aka karya kuwa? Yaron nan ya bi tsoho cikin daji suna neman reshen dargaza miƙaƙƙe, wanda ba shi da ƙulli, domin a ƙulli baka ke karyewa. Sun sha yawo, don masu iccen wuta sun kusa cinye ta a wajenmu. Ya koyi cewa a inuwa ake shanya icce, rana tsaga shi take yi. Ya feƙe bakunan biyu da wuƙa kaɗan-kaɗan, ya bar tsakiya da kauri, yana yi yana jarrabawa, sai da gefen sama da na ƙasa suka riƙa lanƙwasa daidai. In ɗaya ya fi ɗaya tauri, kibiya ba ta zuwa inda aka aike ta. Ya gasa shi a kan garwashi yana shafa masa mai. Tsirkiya kuwa fata ce aka yanka siriri, aka jiƙa, aka murɗa, aka ɗaure ta bushe a miƙe. Ku gaya mini, wane darasin aikin hannu muka taɓa bayarwa da ya kai wannan? Mu da muke zana bishiya a allo mu ce yara su kwafa.

Za a ce makami ne, ga halin tsaro da ake ciki. Na yarda a hana zuwa da kibiya lakwal, ni ma zan hana. Amma yaron da ake ba lauje da gatari tun yana shekara goma, shi ne sanda mai igiya za ta lalata? Wasu kuma sun ce harkar maharba da tsafi take tafe. Akwai masu haɗawa da shi, ban musa ba. Sai dai sassaƙa icce sassaƙa ce, kuma tsohon nan a sahun gaba yake sallar asuba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne fuska biyunmu. Muna koya wa yara cewa a 1899 Sarauniya da mutanenta sun tsaya wa rundunar Faransa a Lugu da kwari da baka, yaro ya haddace mu ba shi maki. Ranar da ya riƙo bakan a hannunsa sai ya zama baƙauye.

Ku ma iyaye ba ku fita ba. Kuna iya zare jika talatin ku saya wa yaro salula ya kwana yana kallon abin da ba ku sani ba, amma in ya zauna gaban kakansa yana feƙe icce sai ku ce yana ɓata lokacin karatu.

Na je na ba tsohon haƙuri. Bai ce komai ba sai "Mushe, akwai sauran reshe ɗaya da na ajiye." Mun shirya ran Asabar da hantsi a ƙofar gidana, tunda lakwal ta ƙi mu. Duk uban da ke son ɗansa ya gani, ya rako shi da kansa, ya zo masa da wuƙa mai kaifi.