Akwatin wifi ba ya barci: mu san abin da yake ci

Duk wata ana kukan kuɗin wuta, amma mu nawa ne muka san abin da kowace na'ura ke ci a gidanmu? Firigo da fanka kowa na zarginsu. Akwatin wifi da dekoda kuwa ba mai kula su, alhali dare da rana suna kunne.

Ku juya kan wayar da ke kai wa akwatin wifi wuta, ku karanta. In an rubuta 12V da 1A, ku ninka su: wat 12 ke nan, iyakar abin da zai iya bayarwa. Mu ce akwatin na cin wat 10. A awa 24, wat-awa 240 ne, a wata kuma ya haura kilowat-awa 7. Ku ƙara dekoda da telen da aka kashe da rimot kawai, don su ma suna ɗan lasa.

Wani zai ce, "Kai malam, wannan ai bai taka kara ya karya ba." Gaskiya ne, in aka gwada shi da firigo. Amma amfanin lissafin ya wuce takardar NIGELEC. Ranar da aka ɗauke kuran cikin zafin watan Afrilu, shi zai gaya muku wane batir ya dace ku saya. Ƙaramin batir mai 12V da 7Ah na riƙe wat-awa 84. Irin wannan batir, in ana so ya daɗe, rabinsa ake ci. Ke nan awa 4 zai ba akwatin, ba kwana guda ba, ko me mai shago ya ce. Mai sana'a da WhatsApp ya san abin da awa guda babu intanet ke jawo masa.

Shawarata: a samu kaye irin na ƴan lakwal. Da dare a kashe manyan kaya, a rubuta lambar da kontar ke nunawa, da asuba a sake dubawa. A yi haka mako guda. Mai hali ya sayi ƴar na'urar awon wat da ake jonawa a bango. Daga nan sai ku yanke: me za a bari kunne, me za a cire kafin a kwanta.

To, ku gaya mana, nawa kuka samu a naku gidan? Allah ya ba mu sa'a.