Basira: Gado ko Reno?

Jama'a, raina na ɓaci idan na ji an ce wa yaro "ba shi da kai". Ku dubi László Polgár, mutumin Hangari, wanda ya yarda cewa gwani renonsa ake yi. Ya zaunar da 'ya'yansa mata uku a gida, ya koya musu darar Turawa tun suna ƙanana. Autarsu Judit ta kai matsayin manyan gwanaye a 1991 tana shekara 15, ta karya tarihin da gwanin darar Bobby Fischer ya kafa na kai wannan matsayi da mafi ƙarancin shekaru. Ban musanta baiwar Allah ba, amma iri komai kyansa sai da taki da ban-ruwa. Yaro kan ƙware a abin da gidansu ke girmamawa. Kafin mu yanke masa hukunci, mu ba shi littafi, malami da lokaci.