MU ZAGA ƘASARMU: Yini Guda Cikin Kwalekwale a Fadamar Nguru

Mu mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mun san ruwa ne tun yana jariri. Hadari ya taso, a sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwazazzabai su cika, rafuka su kawo. Bayan 'yan kwanaki sai yashi. Kogin da ya hana yara zuwa makaranta a watan Agusta, shi ne za ka ga mata suna tona tsakiyarsa da ƙoƙo a watan Maris. Ina ruwan nan ya tafi? Kaɗan ne cikinmu suka taɓa bin sawunsa.

A ƙasarmu mai duwatsu da gangare, gudu kogi yake yi. Sa'ad da ya kai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sai ya rage sauri, ya sauke lakar da ya ɗauko, ya rarrabu hannu hannu kamar ganyen kaba. Irin wannan wuri ake ce da shi delta. Wanda kowa ya ji labarinsa shi ne Neja Delta, inda Kwara ta shiga teku, can ne kuwa mafi yawan ruwan da ke zuba daga indararonmu yake ƙarewa. Amma ba lalle sai an kai teku ba. A nan Arewa muna da namu a tsakiyar ƙasa, tsakanin Haɗeja ta Jihar Jigawa da Nguru da Gashuwa na Jihar Yobe. Can za mu kai ku a wannan wata.

Ga yadda wurin yake. Kogin Kano da kogin Calawa sun haɗu sun zama kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuma ya gangaro daga tsaunukan Jos. Su biyu suka iske waɗansu tsofaffin tuddan yashi da iska ta jera tun zamanin da, suka rasa hanya miƙaƙƙiya, sai suka bazu tsakanin tuddan nan. Abin da ya tsira daga rana da ƙasa shi ne yake sake haɗuwa ya zama kogin Yobe, ya nufi Tabkin Cadi. Bade da Mangawa da Hausawa da Fulani, fiye da mutum miliyan ɗaya, a kan ambaliyar nan suke ci. Ruwa ya hau, a shuka shinkafa. Ruwa ya janye, a bi danshi da wake. Masunta su kama kifi, makiyaya su kawo shanu ga ɗanyar ciyawa da tsakar rani.

Mun kwana a Nguru, garin da hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta tsaya a 1930. Mu bakwai ne, manya huɗu, yara uku. Watan Janairu ne, hunturu yana busawa. Tun da asuba muka isa bakin tabki, inda wani dattijo masunci da aka haɗa mu da shi yake jiranmu. Kafin kowa ya sa ƙafa cikin kwalekwale sai da ya ƙirga mu, ya nuna wa kowa wurin zamansa, ya ce wa yaran, "Jikokina, wanda ya miƙe tsaye, mun juyo gida ke nan." Ba wanda ya miƙe har yamma.

Yana tsaye a baya da doguwar sanda yana tura jirgin, gama ruwan ba zurfi gare shi ba a wurare da yawa. Muka ratsa ganyen bado shimfiɗe kamar faifai, furanninsa farare. Yaran sun san tuwon bado a labari kawai, abincin shekarar yunwa. Ran nan suka ga uwarsa. Can gaba ga masunta rubda ciki a kan manyan goruna, suna iyo da hannu da ƙafa, suna duba tarkunansu. Kifin da suka ciro cikin gorar suke jefa shi. Mun ga tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, da gaiwa guda ɗaya, wadda takan shige cikin laka ta kwana har damina ta kewayo.

Da rana ta ɗaga kaɗan sai tsuntsaye suka tashi. Malam, ba a ba yaro labarin wannan, sai dai a kai shi. Kirinjijiya garke garke suna fito kamar 'yan makaranta, ga dinya, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, ga balbela fari fat a kan bagaruwa. Masu ƙirga tsuntsaye sun rubuta fiye da iri 300 a fadamar nan. Dattijon ya nuna mana waɗansu ƙananan agwagin ruwa masu yawan gaske, ya ce waɗannan baƙi ne, da zafi ya fara za su ɓace. Gaskiyarsa. Daga Turai da Rasha suke zuwa. Sanyin can ya kore su, su ƙetare teku su ƙetare Sahara, ruwa na fari mai yalwa da za su tarar a wannan gefe shi ne irin wannan fadama. Wani lokaci akan kama ɗaya da ƙaramin zobe a ƙafa, da lamba da sunan ƙasar da aka sa masa. Mu a gida mun saba da shamuwa, baƙuwar damina, wadda takan yi kudu in ruwa ya ɗauke. To waɗannan su ne baƙin hunturu. Muka tambayi gauraka. Ya girgiza kai, ya ce rabonsa da ganinta an jima. Da ma haka labarinta yake a yawancin ƙasar nan yanzu.

Saboda tsuntsayen nan ne duniya ta san wurin. A 1989 Filib, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarci tabkin Dagona da ke ƙasar Bade. A shekarar 2000 kuma aka sa Tabkin Nguru da mashigin Marma, hekta 58,100, cikin jerin fadamun duniya da ake kiyayewa bisa yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971. Shi ne wuri na fari a Nijeriya da ya shiga jerin.

Wajen hantsi muka bar buɗaɗɗen tabki muka shiga mashigi. Nan tafiya ta sake kama. Hagu da dama wata doguwar ciyawa ce ta yi katanga, ta fi mutum tsawo ko yana tsaye, ba ka ganin kome sai sama. Iska ta tsaya, sauro ya taso da rana tsaka. Wannan ita ce kacalla. Hanyar da muke bi, da lauje da adda aka sare ta, mutane tsundum cikin ruwa har ƙirji, kuma in an bar ta 'yan watanni sai ta rufe. A nan muka gane amfanin ja-gora. Mashigai suna rabuwa biyu, uku, duka kamarsu ɗaya. Baƙo shi kaɗai zai yini yana kewaya wuri guda.

Dattijon ya tsai da jirgi a wani wuri, ya kafa sandarsa, ya ce, "Malam, ka san inda muke? A kan gonar mahaifina muke. Nan na koyi yankan shinkafa." Muka duba, ba kome sai kacalla da baƙin ruwa.

Me ya jawo haka? A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano. A 1992 aka gama ta Calawa. Kafin su, kogin Haɗeja irin namu ne, sai dai ya fi girma: ya cika ya tumbatsa da damina, ya ƙafe da rani. Ambaliyar tana wanke mashigai, ranin kuma yana kashe ciyawar ruwa. Da aka datse, sai babbar ambaliya ta ragu, aka koma sakin ruwa kaɗan kaɗan shekara duka. Ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa, abin da kacalla take so ke nan. Ta kafu, ta tare laka, lakar ta toshe mashigi. Ruwan da ya rasa hanyarsa ta dā sai ya karkata. Mai yawa ya nufi Marma da Nguru ya kwanta a kan gonaki, waɗansu garuruwa kuwa da suka saba da ambaliya suka zauna a busasshiyar ƙasa. Wannan yana kuka ruwa ya ci gonarsa, ɗan'uwansa can gaba yana kuka ruwa bai zo ba. Bugu da ƙari, cikin kacalla jan-baki yake kwana, tsuntsun nan da ke sauka dubu dubai a kan shinkafa da gero. Katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ita ma ta sami gida.

Kada a ce mun ce madatsa mugun abu ce. Wanda ya bi ta Kura da Kadawa ya ga shinkafa da tumatir da rani tsaka ya san abin da Tiga ta yi wa talakawan Kano, birnin Kano kuma yana sha daga kogunan nan. Amma a ganinmu an yi lissafi da rabin alƙalami. An ƙirga buhunan da za a samu a sama, ba a ƙirga waɗanda za a rasa a ƙasa ba. A farkon shekarun 1990 waɗansu masana suka zauna suka yi lissafin duka. Suka ga ruwa ɗaya, in aka bar shi ya malala a fadama, abin da yake bayarwa na hatsi da kifi da itacen wuta ya fi abin da yake bayarwa a gonakin ban ruwa na Kano, nesa ba kusa ba. Wahalar ita ce, arzikin fadama a warwatse yake, kwando nan, dami can, ba ya shiga littafin ofis. Gwamnati takan kawo injunan yanke ciyawa da na yashe mashigi, jama'a kuma suna yin gayya. Ana samun sauƙi, amma muddin yadda ake sakin ruwa bai sake ba, kacalla tana nan tana jira.

Da azahar muka sauka a wani tudu mai goruba, muka ci abin da muka ƙunso, muka sayi soyayyen kifi wurin matan ƙauyen. Muka juyo tun rana tana sama, gama dattijon ya ce shi ba ya kai baƙi magariba a kan ruwa.

Wani mai karatu a Sabuwa zai ce, ai wannan ba ruwanmu ba ne, don haka ba ruwanmu. I, ruwanmu ba Nguru yake zuwa ba. Amma yadda Kano take ga mutanen Nguru, haka muke ga waɗansu. Kogin Sakkwato kusa da Funtuwa yake tasowa, a nan ƙofar gidanmu. Ya bi ta Gusau, ya haɗu da Rima a Sakkwato, ya wuce Argungu inda ake bikin kamun kifi tun 1934, kāna ya faɗa Kwara. Abin da ya sami Nguru ya riga ya sami wannan kogi. Da aka gama madatsar Bakolori a 1978, manoman fadama na ƙasa da ita suka rasa ambaliyar da suke shuka shinkafa da ita, kifi ya ragu. A 1980 kuma rikicin manoman da aka karɓe wa gonaki ya ci rayuka da yawa.

Mu ba mu da babbar madatsa a hannunmu. Abin da ke hannunmu ƙanana ne, amma gidajenmu da yawa. Mai wanke famfon feshi a rafi bayan ya gama da gonar masara, mai zuba Gamalin a kududdufi domin ya kwashe kifi da sauƙi, mai sare itatuwan bakin kogi ya noma har gaɓa, mai juye shara da leda a kwalbati da dare, duk aike suke yi wa mutanen da ba su taɓa gani ba. Ƙasar da ruwa ya kwashe daga gonar da ba a yi wa kunya a gicciye ba, hasara biyu ce. Mai gona ya rasa taki, madatsar Mairuwa da irinta kuma su cika da laka. Iyaye mata, ku ne kuka san inda ake zubar da shara a gida. Iyaye maza, ku ne kuke riƙe da famfon feshi.

Har wa yau akwai abin da ya haɗa mu da mutanen can. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a mai da wurare goma su zama gandun daji na ƙasa. Cikinsu akwai fadamar Haɗeja, akwai kuma dajin Kogo na ƙasar Faskari. Dajin da ke kan tudu shi yake riƙe ruwan sama ya sake shi a hankali. Abin baƙin ciki, 'yan bindiga sun sa shekarun nan ba mai iya kai yaransa Kogo su ga itatuwa. Muna roƙon Allah ya kawo ranar.

Ga iyalin da ke da niyyar zuwa Nguru, daga Disamba zuwa Fabrairu ne lokacin, sa'ad da baƙin tsuntsaye suke nan, ruwa kuma ya kwanta. A bi ta Kano da Haɗeja, a yi tafiyar da rana, a tambayi lafiyar hanya kafin a tashi. Wanda yake so ya ga Dagona sai ya nemi izini wurin ma'aikatan gandun daji, su ne za su ba shi ja-gora. A riƙe ruwan sha daga gida, da hula, da rigar sanyi domin safiya. Kada yara su yi wanka ko su yi wasa cikin kwantaccen ruwa, saboda tsargiya. A yi ciniki da mai jirgi tun a tudu, a biya shi da kyau, gama saninsa kuka saya.

Sai batun lodi. A ƙarshen Nuwamba 2021 jirgin ruwa ya kife a Bagwai ta Jihar Kano, mutum 29 ko fiye suka rasu, yawancinsu yara 'yan makaranta. Jirgin ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa. Ku nemi rigar kariya daga nutsewa, ko da kuwa aro ne, ku fara sa wa yara. In kun fi ƙarfin kwalekwale ɗaya, ku ɗauki biyu. In kun zauna kuka ga ruwa ya kusa baki, ko mai jirgi yana neman ƙara fasinja a kanku, ku sauka tun kuna gaɓa.